Makarantar Yaya Sadiƙu

Zufa na bin ƙeyar Sadiƙu tana gangarawa cikin wuyan kwat, amma bai isa ya tuɓe ba, don kwat ɗin nan shi ne jarinsa. A inuwar dogon yaro da ke ƙofar gidansu a Tibiri, iyayen yaran da suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, sun kewaye shi, yana nuna musu hoton makaranta, bene mai gilashi, a waya.

"Yaro na hitowa, sai banki," ya ce.

Kowa ya gyaɗa kai. Wa zai musa wa ɗan Malam Jibo, wanda duk gari ya san a banki yake aiki a Yamai? Alhali ko kujerar mai gadi banki bai taɓa ba shi ba. Ya yi yawo da takardar gama karatunsa har takalmi ya cinye, ko'ina amsa ɗaya: gwamnati ba ta san da makarantar da ya yi ba. Da yunwa ta ci ƙarfinsa ya koma wa mai makarantar da kuka, shi kuwa ya ba shi kwat da sana'a. Duk damina ya zaga garuruwan Arewa ya tattaro ɗalibai, a ba shi la'ada kan kowane kai, kamar dillalin awaki.

* * *

Bayan la'asar ya shiga gida, ƙanwarsa Ummuhani ta tarye shi da ruwa. Ita ma bana ta ci bak, yarinyar da lissafi ke yi wa biyayya, ba ta da buri sai aikin kuɗi.

"Yaya, na gama shawara," ta ce. "Na duba jami'ar Tawa, na duba waɗansu na Yamai, amma taka nika so."

A duniya idan akwai wadda yake ƙauna tsakani da Allah, wannan yarinyar ce.

"Ki nemi jami'ar Tawa, ta gwamnati ce. Can ya hi miki."

"To ba ɗazu na ji kana yabon taka ba?"

Malam Jibo da ke gyaran igiya a bakin rumbu ya ɗago kai.

"Mi kac ce, Sadiƙu? Ɗiyan mutane ka kira su ga alheri, ƙanwarka ka kore ta? Ko tsoro kake ta hi ka?"

Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Ya dubi tsohon da ya sayar da fadamarsa don karatun nan, ya dubi Inna Shatu da mata ke kira uwar mai banki, ya tuna yaran gari da ya kwasa bara, waɗanda iyayensu ke yi masa addu'a kullum. Kunya ta rinjaye shi, ya sauya magana.

"Ba haka ba ne, Baba. Tsadar ce na duba."

"Tsada tawa ce. Shanun noma na nan."

Ummuhani ta yi murmushi, ta ɗauki kwanon ruwan ta wuce.

* * *

Ranar kasuwa Sadiƙu da kansa ya ja bijiman zuwa kara, yana ta ce wa ransa kafin a sallama zai yi magana. Aka yi ciniki, aka tafa, shi da kansa ya miƙa igiyar. Mahaifinsa kuwa har gaya wa mai sayen yake yi, ɗiya ce za ta bi sawun wanta.

A hanyar fita tsohon ya tsaya rumfar maƙera, don gero na jiran noma na biyu. Ya zaɓi hauya, ya jinjina ta.

"Bayana zai ɗauka," ya ce, "har ta hito."

Ya sunkuya ya gwada ta a ƙasa. Da ya zo miƙewa sai da ya dafa gwiwa, ya daɗe a haka kafin ya ɗago.