Naɗin da Na Yi wa Jitar Bukar

Isyaku mai naɗin fanka na Ƙofar Mazugal ya ci amanar wanda ya kawo masa aiki, kuma da gangan ya ci. Ni ne Isyakun, saboda haka kada wani ya tashi kare shi.

A shekarar da soja suke shirin miƙa wa farar hula mulki, abin taƙamata biyu ne: hannuna a kan wayar tagulla, da bakina bayan sallar la'asar. Ban yi boko ba, ban kuma zauna gaban wani babban malami ba. Da littattafan da na saya a kasuwar Kurmi na karantar da kaina. Duk da haka limaminmu, Malam Jibrin, ya bar ni ina yi wa mutane nasiha kullum a ƙofar masallaci. Tabarmar da nake zama a kai ta fi mini shagona daraja. Rabin nasihar a kan jita take, don a lokacin duk jam'iyyar da ta kira taro sai ta ɗauko makaɗa.

Misalin da nake kawowa, ba tare da kama suna ba, shi ne Bukar ɗan Hajiya Aisa, na gidan Barebarin da ke bayanmu. Jikan alaramma, magidanci mai 'ya'ya biyu, amma yana yawo da katakon jita rataye a wuya.

Wata Laraba da hantsi sai ga shi a shagona, jita a naɗe cikin zane.

"Baba Isyaku, na san ba ka ƙaunar ganina da wannan abu."

"To da ka sani me ya kawo ka?"

"Babu mai hannunka a cikin birni."

Nan ya fara kama ni. Ya nuna mini wasu 'yan ƙarafa biyu a ƙarƙashin tsirkiya, ya ce sunansu fikof, su ne kunnen jita. Na ƙasa muryarsa kaifi, na kusa da wuya muryarsa taushi, kuma shi ne wanda ya fi so, shi ne kuma ya mutu. Abokansa sun sayi manyan amfilifaya, na'urar ƙara sauti, masu taranzista, shi kuwa ya liƙe wa wata 'yar tsohuwa mai bawul, irin kwalaben nan da ke yin ja in sun ɗau zafi.

"Tasu ihu suke yi, Baba. Tawa magana take yi."

"Maganar shaiɗan."

"Ranar Asabar akwai taro. In ban zo da ita ba, mai gidanmu na kiɗa wani zai ɗauka."

Bayan ya tafi na buɗe fikof ɗin. Ashe ba komai ba ne sai maganaɗisu da waya siririya kamar gashi, an naɗe. Sana'ata ce tsaf. Sai dabara ta zo mini, na kuma ɗauka daga sama ta sauko. A fanka, in ka saɓa adadin naɗi, sai naɗin ya yi zafi ya ƙone. Na ce in na ƙara waya fiye da ƙima, ƙarfin zai yi wa 'yar tsohuwar amfilifayar yawa, ta yi hayaƙi a gaban jama'a, a kori Bukar, ya dawo ya nemi sana'ar kirki. Har na fara tsara nasihar da zan yi a kan hayaƙin.

Na yi ta naɗi har sai da murfin ya rufu da ƙyar. Sai dai hannuna bai iya aikin banza ba. Layi bayan layi na jera wayar, ba wadda ta hau wata. Da na gama, na tsoma shi cikin narkakken kakin zuma don kada wayar ta motsa. Da Bukar ya zo karɓa an ɗauke wuta, ya tafi bai gwada ba.

Ranar Lahadi na buɗe baki ke nan bayan la'asar, sai ga shi da ƙullin goro, da wasu mutum biyu masu wando buje a bayansa. Ya durƙusa a gaban dattawa.

"Allah gafarta Malam, godiya na kawo wa Baba Isyaku. Jiya da na taɓa tsirkiya, 'yar amfilifayar nan gurnani ta yi. Murya mai kauri, ta ja ta ja ba ta yanke ba. Masu taranzista sai rage nasu suka yi. Waɗannan daga Sabon Gari suke, su ma naɗin Baba suke so."

Alhaji Ilu mai fata ya dube ni. "Malam Isyaku, ashe da hantsi kai kake ba ta murya, da la'asar ka zage ta?"

Mutane suka fashe da dariya. Da na yi shiru, da a dariyar nan abin ya ƙare. Amma mai nasiha bai san shiru ba.

"Wallahi ba gyara na yi ba!" na ce. "Don ta ƙone na naɗa ta haka!"

Dariyar ta tsaya. Bukar ya dube ni, goron na hannunsa.

Malam Jibrin ya ce, "Ka gaya masa ba za ka gyara ba?"

"A'a."

"Ya ba ka kayansa a kan za ka gyara, ka ce to?"

"Na ce."

"Kiɗa, malamai sun yi ta magana a kansa, kowa da abin da ya fahimta. Cin amana kuwa ban taɓa jin wanda ya yi saɓani a kai ba. Tashi daga tabarmar nan."

An hana ni nasiha daga ranar. Mutanen unguwa suka daina kawo mini fanka, don ba wanda ya san abin da zan naɗa masa in na ƙi jinin halinsa. Shekara shida ke nan, masu jita kaɗai ke shiga shagona.