Farin Gilashin Baba

Guntun farin gilashi ɗaya ya rage cikin wanda surukina, Baba, ya haɗa da hannunsa, kuma ya rasu bai gaya wa kowa yadda ake haɗa shi ba. Da shi za a yi tulun da za a zuba tokar gawarsa, da aka ƙona bisa al'adarsu. In ya lalace, babu wani.

Tsuneo, ƙanin matata, shi ke juya bututun busa gilashi. Matata Fumiyo tana miƙa masa kayan aiki. Ni kuwa, malamin tarihi, aka ba ni ƙofar tanderu, aikin da suka ga ba zan iya ɓatawa ba.

Tsuneo ya ɗebo narkakken gilashi a tanderu, ya lulluɓe shi da farin, ya fito da shi jawur, ya zauna.

"Yaya, miƙo madaɓin garafayit."

Ta miƙa masa na ƙarfe, na Baba.

"Ƙarfe zai zuƙe zafin, farin ya yamutse," in ji shi. "Bai da kauri."

"Baba bai taɓa shafa farinsa da garafayit ba, baƙin abin nan na cikin fensir. Baƙi-baƙi zai bar maka."

"Na goge shi."

"Kai da ko takalminka ba ka gogewa?"

Gilashin ya fara dusashewa, yana langaɓewa gefe guda. Suka dube ni. Na dubi ƙofata.

Mahaifiyarsu, da ke zaune da hoton marigayin a cinya, ta dubi hoton, ta ce a hankali, "Nasa."

A gidan nan ba a musu da wannan muryar. Tsuneo ya karɓi ƙarfen, har da ɗan rusunawa, ya ɗora shi kan gilashin.

Hayaƙi ya tashi, da ƙaurin suya.

"Mama, me kika shafa masa?" in ji Tsuneo.

"Man furen kameliya, kowace safiya. So kake ya yi tsatsa?"

Zane mai ruwan ƙasa ya kwanta a kan farin. Tsuneo bai ɗago kai ba.

"Buɗe, Malam."

Na buɗe. Ya mayar da shi wuta, ya juya, ya fito, ya sake mayarwa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wuta ta cinye rabin zanen. Sauran ya miƙe tare da tulun yayin da yake busawa.

Washegari muka ciro shi bayan ya huce. Bai tsage ba. Mama ta juya shi a hannu, ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta miƙa wa Fumiyo.

"Wannan gefen ya kalli bango," in ji ta.