Man Zaitun a Faifan Marigayi

Ni dai amala nake sayarwa a unguwar Mokola, amma rumfata jingine take da shagon Gbenro mai gyaran kwamfuta, kuma katangar langa-langa ba ta riƙe magana.

Ranar da Iya Morenike ta zo ɗauke da tsohuwar kwamfutar mijinta a ka, na san akwai labari. Marigayin makaɗin coci ne. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya tsara wani kiɗa na ranar auren 'yarsu Morenike, ya adana a ƙaramin faifai, bai bari kowa ya ji ba. Ga biki ya matso, kwamfuta kuwa in an zura mata faifan sai ta yi ta gurnani.

"Mama, wa ya soya ƙosai a nan ciki?" in ji Gbenro da ya kwance wurin zura faifan. Harshen da ke karanta faifai ya yi dumu-dumu da maiƙo.

"Kai, ɗan nan, iya bakinka! Ni sa'arka ce?"

Na leƙo da ludayi a hannu. "Yaya, faɗa masa gaskiya mana. Ba man zaitun ɗin da kika karɓo a taron addu'a ba ne?"

Ta harare ni. "Iya Tomiwa, wa ya kasa da ke?" Can kuma ta sauke murya. Ashe duk Lahadi sai ta ɗiga wa faifan man addu'a, har ta ja ɗan ƙarfen bakinsa ta shafa daga ciki, don kada maƙiya su taɓa shi. Haka muke yi wa ƙofa da goshin yaro, ina ta san faifai ba ya so?

Gbenro bai yi dariya ba, abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Ya goge harshen da auduga da sifirit. Ya ɓare faifan, ya zaro baƙin falle na ciki, ya wanke shi a hankali kamar jariri, ya shanya, ya sa masa rigar wani faifan. Abokan cinikina na ta kira, ban motsa ba.

Ya zura. Gurnani, gurnani, sai ga kiɗa. Iya Morenike ta dafe ƙirji ta zauna a kan kwali. Kiɗan na hawa, na hawa, sai ya yanke ɗif.

"Saura fa?"

"Iyakar abin da ya fito ke nan, Mama."

"Man nan da na shafa ne ya cinye shi?"

Gbenro ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Danshin damina ne. Duk tsohon faifai haka yake."

Ta juyo gare ni, don ta san bakina ba ya ɓoyo. Na ce, "Damina ce, Yaya."

Ranar biki rabin nan aka yi ta maimaitawa har amarya ta isa gaban fasto. Mutane na ta yabawa. Uwar amarya kaɗai ke karkata kunne duk lokacin da kiɗan ya kai wurin nan, tana jira.