Masu Kaburburan Bakin Fadama

Tun yana ƙaramin ma'aikaci a ma'aikatar ruwa aka san Alhaji Ɗayyabu da tambaya. Mutum ne da in ka kawo masa tuwo sai ya ji garin da aka noma masarar. Matarsa Husaina takan ce da za a kulle shi a ɗaki shi kaɗai, bango zai tsare da tambaya har bangon ya gaji. Da ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Unguwar Rimi sai abin ya ƙaru, don yanzu ba ofishin da zai je ya sauke.

Farkon daminar bana kawunsa Malam Ubaidullah, wan mahaifiyarsa, ya aika a kira shi Rigasa. Ya same shi a zauren da yake karantar da manyan ɗalibai, ƙafafu a miƙe sun kumbura suntum.

"Ɗayyabu," in ji Malam, "ƙafa ta ƙi. Bana kai za ka je Tudun Kibau."

Tudun Kibau wani ɗan tudu ne mai duwatsu a bayan Rigasa, gidaje sun kusa cinye shi amma ba su gama ba. A gidan su Malam ana ba da labarin cewa tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Kaduna akwai ƙauye a kansa. Wata safiya mahara suka zo a kan dawakai, mutanen ƙauyen suka tare su da baka da kibiya, aka yi ɓarna ta kowane ɓangare. Cikin waɗanda suka faɗi har da kakan kakansu, Sabo Maibaka. Kaburburan suna wuri biyu, wasu a saman tudu, wasu a ƙasa bakin fadama. Duk shekara, in ruwan farko ya sauka ciyawa ta tsiro, mutumin gidansu yakan je ya cire wa na bakin fadama ciyawa. Da hannu ake yi, ba fartanya ba lauje, domin ƙarfe ba ya taɓa wurin.

Tsakanin tudun da fadamar kuwa gonar Malam ce, kuma tun bara ya ba Ɗayyabu ita. Ɗayyabu ya riga ya dasa gwaiba da mangwaro a cikinta, a zuci, har ya zaɓi inuwar da zai riƙa ajiye kujerarsa.

"Sannan ga maganar hanya," Malam ya ci gaba. "Za a fitar da titi zuwa sababbin gidajen can. Ranar Asabar mai unguwa zai zo da injiniya. Ya ce kabarin da aka san wani gida da kula da shi ba za a taɓa ba. Wanda ba mai shi, za a kwashe ƙasusuwan a kai maƙabarta, hanya ta wuce."

"In duka suna da masu su fa, Kawu?"

"Sai ta bi ta gona."

Ɗayyabu ya auna abin a ransa bai ga matsala ba. Na ƙasa nasu ne, kowa ya sani. Na sama kuwa na maharan ne ke nan, wa zai fito ya ce shi jikan ɓarawon mutane ne? Hanya ta bi ta kafaɗar tudu, gwaibarsa ta tsira.

Washegari da hantsi ya ajiye mota inda kwalta ta ƙare, ya taka. Kaburburan bakin fadama ba wani abin kallo ba ne, 'yan tulin ƙasa ne da suka kwanta, kowanne da duwatsu a kai da ƙafa. Ya yi musu sallama, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Kafin ya gama kabarin farko gwiwoyinsa sun fara ƙorafi, ciyawa ta yayyanka masa tafin hannu. Hannun da ya shekara talatin ba ya ɗaukar abin da ya fi biro nauyi, yau ya gamu da gamonsa.

Da ya miƙe don ya huta sai idonsa ya shiga aikin da ya saba. Mai aikin ruwa ba ya iya kallon fili bai tambayi inda ruwa ke gangarawa ba. Ya dubi tudun: ga ragowar ganuwa ta zagaye shi kamar bakin tsohuwar tukunya, ga manyan duwatsu da mutum zai ɓuya a bayansu ya hango duk mai tahowa. Ya juyo ya dubi fadamar, shimfiɗaɗɗiya, samanta a bushe har ya tsattsage. Ya sa ƙafa don ya gwada. Taku na farko lafiya lau, na biyu kuwa ya nutse har idon sawu, da ƙyar ya zaro ƙafar, takalmin ya ce shi ya samu wurin zama.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe yana tunani. Laka ce mai yaudara, sama ɓawo, ƙasa kunu. In ta yi wa tsoho mai sanda haka, yaya za ta yi wa doki a guje da mutum a kansa? To amma mai baka da ke da duwatsu irin waɗancan, me zai sauko da shi nan ƙasa ya mutu?

Ya ciro takalmin ya koma bakin aiki, tambayar na cin sa. Can gefen kabari na ƙarshe, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, ya ja wani kan ciyawa mai taurin kai. Saiwar ta fito da wani abu a maƙale. Ya kankare da farce. Ƙarfe ne da tsatsa ta cinye, amma siffarsa ba ta ɓace ba: likkafa ce, wadda mahayi ke zura ƙafa a ciki. Shi kuwa tun yana yaro yake jin Kawu na cewa mutanen ƙauyen nan ko jakin kirki ba su da shi.

Ya ƙura wa ƙarfen ido. Shin su ne jikokin maharan, aka gyara labarin don a rufa wa gida asiri? Bai tsaya wanke ƙafa ba, ya ratsa gonarsa ko kallonta bai yi ba, ya kama hawan tudu yana haki.

A sama ya tarar da abin da bai zata ba. Kaburburan nan da yake cewa ba mai su, rabinsu fes, an cire musu ciyawa an jera duwatsunsu. Wata dattijuwa ce durƙushe, ta ɗaure gyale a ƙugu, tana fizgar ciyawa da hannu.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yawwa, sannu Alhaji." Ta dubi ƙafarsa mai laka, ta danne dariya. "Fadama ta gaishe ka ke nan. Kai ne na gidan Malam?"

Ya ce shi ne. Ta ce sunanta Jummai, daddawa da kuka take sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma tun rasuwar mahaifinta aikin nan ya dawo kanta.

"Wallahi bana hankalina ya tashi," ta ce. "Duk shekara in na hau nan nakan leƙa ƙasa, in na ga an share sai in ji sanyi. Bana na ga ciyawa ta yi tsawo, na ce ko tsohon ya riga mu gidan gaskiya ne."

"Yana nan, ƙafa ce. Amma Hajiya, waɗannan kakanninku ne?"

"Waɗannan? A'a. Namu suna can inda ka fito."

Ɗayyabu ya nemi dutse ya zauna. Ita kuwa ba ta fasa cirar ciyawarta ba tana ba shi labari. Kakan kakanta cikin mahayan yake. Sun zo ne bayan ruwan farko, suka ga fadama a bushe suka sako dawakai, laka ta riƙe su, kibau suka sauko musu daga sama. Waɗanda suka kuɓuta da ƙafa suka hau tudun aka yi ta fafatawa a bakin ganuwa. Shi kakan kakan nata dokinsa ne ya danne masa ƙafa. Mutanen ƙauye ba su ƙarasa shi ba, suka yi masa ɗori, ya warke da ɗingishi, ya zauna cikinsu har ya yi iyali. Wansa da abokan tafiyarsa su ne a bakin fadama.

"Mu an ce mana nan ne aikinmu, ƙasa kuma ba ma sauka. Dalilin dai ban sani ba, ban kuma tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba?" Ɗayyabu ya ce, kamar ta faɗi wani abin kunya.

Ta nuna masa wani kabari a gindin tsamiya mai baƙin dutse a kai. "Ga na Maibaka. Shi nake fara yi kullum."

Ya taso ya tsaya a kansa. Shekara sittin da ɗoriya yana jin sunan mutumin nan, bai taɓa sanin inda yake kwance ba, ashe wata mai daddawa ce ke gyara masa makwanci. Kunya ta kama shi, da wani irin daɗi da bai san sunansa ba, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, Jummai ta shafa tare da shi.

"Ranar Asabar zan zo in tsaya wa waɗannan," ta ce. "Na ƙasa kuwa ko na yi magana ba mai saurarona, ba wanda ya taɓa ganina a wurin. Gidan Malam aka sani."

Daga nan zauren Malam ya nufa, ya ajiye likkafar a gabansa.

"Kawu, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Malam ya juya ƙarfen a hannu yana murmushi. "Kai da ka tambaye ni dalilin da ya sa akuya ke tuƙa, ka taɓa tambayata wannan?"

Ɗayyabu ya gyara zama.

Malam ya ce bayan an binne kowa, samarin ƙauye suka yi rantsuwar sai sun baje kaburburan mahara sun shuka gero a kai. Gurgun nan kuwa, kakan kakan Jummai, kullum sai ya ja ƙafa ya je ya zauna a wurin yana gadi, ana gab da sake zubar da jini. Sai ƙanen Sabo, wanda shi ne liman, ya raba gardama. Ya ce gidan Sabo su riƙe matattun gurgu, gurgu da zuri'arsa su riƙe matattun ƙauye, kowa ya san nasa na hannun wani. Ya kuma ce ƙarfe ya gama aikinsa a filin nan, kada a sake kawo shi.

"To yanzu Kawu, me zan ce ranar Asabar?"

"Gona na ba ka. Bakinka kuwa da shi ka zo duniya."

Kwanakin da suka rage Ɗayyabu bai yi wa kowa tambaya ba, har Husaina ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Abin da ke damunsa shi ne gaskiya ta zo masa da sauƙi fiye da kima. In ya ce na ƙasa ba kakanninsa ba ne, bai yi ƙarya ba. Sabo na hannun Jummai, ba abin da zai same shi. Hanya ta bi ta bakin fadama, gona ta tsira, ba mai zarginsa. Sai dai duk lokacin da ya kai nan a tunani, sai ya ga matar nan tana leƙowa daga saman tudu.

Ranar Asabar aka taru. Aka fara da sama, Jummai ta yi magana, maƙwabta suka shaida sun san gidansu da wurin. Aka gangaro ƙasa, ita kuwa ta tsaya a bakin ganuwa ba ta sauko ba.

"To Alhaji," in ji mai unguwa, "waɗannan kakanninku ne ko?"

"Ranka ya daɗe, kakanmu yana can gindin tsamiya."

Injiniya ya saki fuska, ya fara auna bakin fadama da ido. "Ka ga shi ke nan. Nan ɗin ma ya fi mana sauƙi."

"Ban gama ba," in ji Ɗayyabu. "Waɗannan namu ne."

Mai unguwa ya ɗaure fuska. "Alhaji, kada ka wahalar da mu. Ka ce ba kakanninku ba ne, ka ce naku ne. Kuma ka san in sun zauna, gonarka ce za ta tafi?"

"Na sani." Ya buɗe tafukan hannunsa, yankan ciyawa bai gama warkewa ba. "Ba mu haɗa jini da su ba. Kashe mu ma suka zo yi. Amma tun ranar da aka binne su gidanmu ke cire musu ciyawa, kuma ba su da kowa a nan sai mu."

Wani tsoho cikin maƙwabta ya ce shi dai tun tasowarsa Malam yake gani a wurin, kafin Malam kuma mahaifinsa. Mai unguwa ya dubi injiniya, injiniya ya ɗaga kafaɗa, ya ce a ɗauko turakun awo.

Turken farko na rodi ne, mai bugawa ya kai shi dab da kabarin ƙarshe. Ɗayyabu ya tare shi.

"Matsa da shi can, ƙarfe ba ya taɓa nan."

Mutumin ya matsa, ya sake matsawa, har ya shiga gonar sosai, ya kafa shi daidai inda kujerar Ɗayyabu za ta zauna a inuwar gwaiba. Kowane bugun guduma sai da ya ji shi a ƙirji, ba zai ce bai ji zafi ba.

Ya ɗaga kai. Jummai tana nan a bakin ganuwa, ta sa hannu a goshi tana tare rana, tana leƙen ƙasa yadda ta saba. Sai ya lura akwai kan ciyawa guda da ya tsallake ran nan a kabarin da ke kusa da ƙafarsa. Ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa, ya cire ta.