Muryar Aku

Shekara na neman zagayowa da rasuwar Aku, autarsa ta hau benen da Dogo yake haya, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta tarar da shi a tsakiyar wayoyi da tsofaffin kasa-kasai, ya tasa kwamfuta a gaba. Editan jaridarsu ya dame shi da ya rubuta wani abu na tunawa da marigayin. Dogo kuwa, da ya tsufa yana yanke wa mawaƙa da masu zane hukunci a shafinsa na mako-mako ba sani ba sabo, ya kasa haɗa layi biyu a kan amininsa.

"Baba Dogo, muryarsa na zo nema," in ji ta, bayan sun gaisa. "Wallahi na fara manta yadda yake kirana. Ko tari ne, in kana da shi, ka ba ni."

"Haba 'yata, wannan ai abu ne mai sauƙi. Ni da babanki tun muna samari muke ɗaukar sauti. Ki ba ni 'yan kwanaki."

Har da dariya ya faɗa, don ba a banza aka sa wa marigayin suna Aku ba. Yakan fara labari tun daga ƙasan bene, ya iso sama bai kai rabi ba, ya zauna ya sha shayin mutane yana kushe shi. Sai dai bai taɓa yarda da saƙon murya a waya ba, wai waya tana matse mutum kamar kifin gwangwani. Shi ya sa iyalinsa ba su da komai nasa sai hotuna.

Kiɗan da su biyun suke yi ba irin wanda ake rawa da shi ba ne. Sukan yi yawo da rikoda su ɗauki ɗigar famfo, kukan ƙofar ƙarfe, keken ɗinkin maƙwabciya, su dawo ɗaki su jera su har su zama abin da su suke kira kiɗa, 'yan'uwansu kuma suke kira taɓin hankali. In sun yi wasa, kujeru sun fi mutane yawa, kuma hakan bai taɓa hana su barci ba. Doka ɗaya ce a aikin: da zarar jar fitilar rikoda ta kama, ba mai cewa uffan. Surutun da Aku ya zuba a farkon ɗauka ko a ƙarshenta, Dogo ne mai bi ya yanke, da reza a zamanin kaset, daga baya da kwamfuta. Yana alfahari da tsabtar aikinsa ƙwarai.

Ya fara bincike da ƙarfin gwiwa. Ya saurari ruwan sama a kan kwano, ya saurari lif, wato na'urar hawa bene, ta wani otal da aka rushe tuni, ya saurari fanka mai ciwon wuya da Aku ya yi wata guda yana lallashi. Yana tuna abin da Aku ya ce a kowane wuri, har da zagin da ya yi wa mai gadin otal ɗin, amma a kaset babu ko harafi. Hannunsa bai taɓa kuskure ba. Ya ɗauke mutumin tsaf daga rayuwarsu gaba ɗaya, ya bar ƙofofi da famfuna.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Shayi yakan huce a gefensa bai sani ba, kuma sai yanzu ya lura cewa tun rasuwar, in ban da mai karanta mitar wuta, ba wanda yake hawa benen nan. Kewar Aku ta kama shi sosai, irin wadda bai ji ba ko a ranar da aka binne shi.

Saura abu ɗaya da bai taɓa ba. A kwanakinsa na ƙarshe a asibiti, Aku ya ja hannun rigarsa ya ce, "Kai Dogo, ka ji injin iskan nan kuwa? Shi da fankar can suna ba juna amsa. Gobe ka zo da rikoda." Ya zo da ita, ya ɗauka, bai kuma iya saurara ba tun daga ranar, balle ya yanke wani abu. Ya ji ba zai iya kunna shi shi kaɗai ba, sai ya kira autar.

Ta zo da hantsi, ta zauna a kan akwatin lasifika, ya kunna. Injin yana huci, fanka tana amsawa, can nesa wani yana tura gado mai taya. Aku ya yi gaskiya, abin da daɗi. A ƙarƙashin duk wannan akwai numfashin mutum, a hankali, yana ja yana saki. Autar ta toshe bakinta da mayafi.

Sun daɗe a haka. Sai gado ya motsa, murya ta fito a dushe, amma tasa ce, ba ko tantama.

"Dogo, ka san me..."

"Shhh."

Wannan murya ta biyun Dogo ya gane ta, tasa ce shi kansa. Ya tuna har da yatsan da ya ɗaga, ya nuna jar fitila, da yadda Aku ya gyaɗa kai ya rufe baki, don shi ma ɗan sana'a ne. Injin ya ci gaba da huci har rikodar ta tsaya. A ranar, da Dogo ya kashe ta, Aku ya riga ya yi barci, shi kuma ya naɗe wayarsa ya tafi gida yana murna an samu ɗauka mai tsabta.

"Mayar baya, Baba," autar ta ce.

Ya mayar. Ta sake cewa ya mayar, ya sake. Tana kuka tana murmushi, ita kam ta samu abin da ta zo nema. Can ta share ido ta dube shi.

"Baba Dogo, me zai ce maka?"

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Ban tambaye shi ba."