Mai Riƙon Riga

A gidanmu ba a shiga ruwa sai an ba wani riga. Mai nutso ya tuɓe rigarsa a gaɓa ya miƙa wa nasa. Wanda aka ba wa sai ya tsaya da ita a hannu, ba zama, ba hira, idonsa a inda kumfa ke tashi har mutum ya fito. Doka ta biyu kuma, mai nutso ba ya kwana a kan ruwa. Haka ubana ya faɗa mini, ban tambaye shi dalili ba.

Sunana Attahiru. Wanda ya daɗe a Jega ya san wa ake kira idan jirgi ya kife da kaya, ko injin ban-ruwa ya zame cikin gulbi. Matata Gudiya ce ta riƙe mini riga tun ƙuruciya, har kunnena na hagu ya mutu na daina shiga. Ta rasu, Allah ya ji ƙanta.

Ɗana Sirajo yana aiki a Fatakwal. Can ya koyi nutso irin na zamani, da tulun iska a baya da gilashi a fuska. Ba ni na koya masa ba, lokacin da ya isa koyo yana makaranta. Ban taɓa ganin ya shiga ruwa ba.

Bara, ana cikin cirar albasa, ya zo gida. Ya ɗauke ni a mota muka je Aliero zai sayi buhun albasa ya kai wa mutanensa na kudu. Muna zaune a rumfa ana ɗinke bakin buhun, ya matso ta gefen kunnena mai ji.

"Baba, na samu hutu. Zan je Masar, Bahar Maliya, in yi nutso. Da kai nake son tafiya."

"In yi mi?"

"Ka ga teku."

"Na ga ruwa."

Ya yi dariya ya fito da waya. Ya ce tafiyar iri biyu ce, ni zan zaɓa. Ko dai a sauka a otal a bakin teku, kullum da safe a fita a dawo. Ko kuma a shiga babban jirgi mai ɗakuna da kicin, a zauna cikinsa har mako ya ƙare, ci da barci da sallah duk a kan ruwa. Ya nuna mini kifaye masu launi kamar atamfa. Na duba. Ba su ne suka dame ni ba.

"In ka shiga, wa ka riƙe maka riga?"

"Riga? Akwai ƙusa a bango, Baba, nan muke ratayewa."

Ya ga fuskata, ya daina murmushi. Ya ce su biyu-biyu suke shiga, kowa na lura da ɗan'uwansa, kuma akwai ma'aikaci a sama da ya san wanda ya shiga da wanda ya fito. Ban ce tsarin ba shi da kyau ba. Amma ɗan Gudiya ne, shekara da shekaru yana shiga ruwa, rigarsa a ƙusa.

"Zan tahi," na ce. "Ni ka riƙe ta."

"To wanne ka zaɓa?"

"Ƙasa. Ba mu kwana bisa ruwa."

Ya ce shi ke nan. Na san babban jirgin yake so, don ya fi daɗewa yana nuna mini hotonsa, amma bai yi musu ba.

Washegari bayan karin kumallo na ce ya nuna mini gaɓar da zan tsaya. Ya buɗe hoton otal: yashi fari, kujeru a jere, laima a kan kowace.

"A ina za ka shiga, nan gaba?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ba a nan ake shiga ba. Daga nan ƙaramin jirgi ke ɗaukarsu ya yi nisa da su har ƙasa ta ɓace, kuma masu nutso kaɗai yake ɗauka. Sai la'asar su dawo.

"To ni ina?"

"Kana otal. Ana kawo maka shayi."

Ni a zatona teku kamar gulbinmu yake, gaɓa nan, mai nutso can, in ka jefa dutse ya kai. Na tambaye shi babban jirgin fa. Ya ce shi yana tsayawa daidai kan wurin, daga bayansa ake sauka, in ruwa ya kwanta har kumfar mutum kana gani. Ya ce ranar Juma'a zai ba masu shirya tafiyar amsa ta ƙarshe, in na sake shawara in faɗa masa kafin nan.

Na auna abin a raina. In na zauna a ƙasa na kiyaye doka ɗaya, rigar kuma ta koma ƙusa. In na hau jirgi na riƙe riga, na taka maganar ubana.

Ranar Laraba na hau mota zuwa Maiyama, daga nan na ƙarasa Mungadi wurin yayata Hindu. Mu biyu muka rage a 'ya'yan ubanmu. Na same ta a gindin bedi tana ɓare gyaɗa.

"Attahiru, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya."

"To mi ya kawo ka? Kai da sai gaisuwar mutuwa."

Na zauna na faɗa mata duka. Ta ajiye ƙwaryar ta yi ta dariya har da tari.

"Kwana bisa ruwa! Ka san mi ya sa Baba ya hana? Barci ya kwashe shi cikin jirgi da rana tsaka, ya mirgina ya faɗa gulbi gaban surukansa, har hularsa ta tahi. Inna ta ba ni labari. Tun ran nan ya mai da shi doka."

"Ƙarya ne."

"Ka ce wa yayarka ƙarya?"

"Ban ce ke ba. Labarin."

"To zauna da dokarka. Ka je Masar ka sha shayi."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Ni ban yarda da labarin ba, har yau ban yarda ba. Ubana ba mutumin da zai mirgina ba ne. Awaki na cin ɓawon da take zubarwa. Can ta ce, ba ta ko dube ni ba:

"Gudiya ta taɓa zama in kana ciki?"

"A'a."

"Ko da tsohon ciki?"

"Ko da shi."

"Cikin wa?"

Cikin Sirajo ne. Na tuna ranar. Damina ce, gulbi ya cika, na fito na gan ta tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da rigata, ƙafafunta sun kumbura. Mata suna ta ce mata ta zauna, ta ƙi. Bayan sati Sirajo ya zo duniya.

Yaya Hindu ta ɗaure mini gyaɗa a leda ta ce in kai wa ɗanta Sirajo, in ce ya kawo mata tsarabar Masar, ba kifi ba.

Na iso gida Sirajo na wanke mota a ƙofar gida.

"Ka faɗa masu, jirgi za mu hau."

Ya tsaya da soso a hannu. "Babban? Kwanan fa?"

"Na ji. Alƙibla fa, in jirgin na juyawa?"

"Waya na nunawa, Baba. Masu jirgin ma Musulmi ne."

"Sannan ka nemi riga ta kirki. Ba zan tsaya gaban mutanen Masar riƙe da wagga 'yar sharar taka mai rubutu ba."

Da shadda ya tafi, ruwan toka, sabon ɗinki.

Safiyar farko a kan teku, ya tuɓe ta ya miƙo mini da hannu biyu, ya sa rigar roba ta nutso, ya goya tulunsa ya sauka ta bayan jirgi. Ruwan garau yake, ban taɓa ganin irinsa ba. Na bi shi da ido har ya zama inuwa, sai kumfa ta fara tasowa. Wani ma'aikacin jirgin ya kawo kujera ya ajiye a bayana yana nuna mini da hannu. Na girgiza kai. Ya sake nunawa. Na ɗaga masa rigar. Ban san abin da ya fahimta ba, ya ɗauke kujerarsa ya tafi.

Shi da abokin shigarsa sun daɗe ƙwarai, sun fi duk daɗewar da na taɓa yi. Gwiwata ta fara ciwo. Kumfar na nan, ina ganinta.

Da ya hawo tsani ya cire gilashin, ruwa na zuba daga jikinsa, na miƙa masa.

"Baba, zan jiƙa ta."

"Amshi," na ce.

Ya karɓa. Sannan na nemi kujerar.