Kaka Ya Ce

A Nima kowa namiji ne. Mace shi, akuya shi, motar haya ta trotro shi. Lauratu ta zo wannan unguwa ta birnin Accra tana amarya daga Sakkwato, a bayan mijinta mai fataucin goro, kuma a shekarun da ta yi tana dama koko a bakin hanyar kasuwa ta haƙura da abubuwa da yawa. Ta koyi cin kenke, tuwon masarar Gana, da barkono, ta koyi ciniki da harshen Tuwi, ta binne miji a ƙasar da ba tasa ba. Abu ɗaya ta ƙi saki, shi ne "ta". Takan ce Allah mace ya yi ta, ba za ta bari mutanen zango su liƙa mata gemu ba.

Wanda ya fi shan wuyar wannan taurin kai shi ne jikanta Gafaru, ɗan 'yarta Mulikatu. Kullum da safe shi ke riƙe mata kofuna, shi take aika cikin gida.

"Mma, Kaka ya ce ka kawo gawayi!"

Kafin ya rufe baki kunnensa yana hannunta. "Wane ne ya ce? Ka ga gemu a fuskata?"

Sai ya leƙa haɓarta kamar mai duba tsakuwa a shinkafa. "Akwai kaɗan a nan. Guda biyu. Fari ne."

"Ji ragon miji! Ko sabulu ba ka taɓa saya mini ba. Na sake ka."

"Ni ma na sake ka. Ka tsufa."

Masu sayen koko suna dariya, ita kuma ta tsame masa ƙosan da ya fi girma. Tun da mijinta ya rasu kowa rusuna mata yake yi. Wannan ɗan abin ne kaɗai a duk faɗin Gana yake iya kallon idonta ya ce ta tsufa.

Da ya yi gashin baki, lokacin samari suna ta kwarara Najeriya neman aiki. Abokansa Legas suka nufa. Lauratu ce ta kafe sai Kano, wurin wani tela abokin marigayi mijinta. "A kai shi inda za a gyara masa baki," in ji ta. Ranar tafiya a tashar mota ya leƙo ta taga ya ce, "Kaka, kada ka yi wani miji kafin na dawo." Ta ɗaga hannu za ta kai wa kunnen, mota ta tashi.

Ya dawo a shekarar da aka koro 'yan Gana, shekarar yunwa, da jakar leda ɗaya, keken ɗinkinsa ma can ya baro shi. Ta ji hayaniya a tsakar gida ta fito da gudunta na tsufa, bakinta cike da tsiyar da ta daɗe tana tanada masa. Sai ga dogon mutum ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa da ita.

"Hajiya, mun same ku lafiya?"

Ta waiwaya bayanta ta ga ko da wasu yake.

Duk gidan haya aka ɗauka da yabo. Mulikatu har unguwar Mamobi take zuwa ba da labari. Yaro ya yi hankali, ya san girman manya, Hausarsa kamar ta rediyo. Lauratu tana jin su. An ce ladabi shi ne ƙarshen abin da ake nema wurin yaro, kuma ita ma ta faɗi hakan ba sau ɗaya ba. Amma ta zauna da ladabin nan ta juya shi, ta ga bai da maraba da yadda ake lallaɓa mara lafiyan da aka fid da rai da shi. Ana yi masa magana a hankali, ba a musa masa komai.

Ta gwada jan shi. Yana wucewa da bokitin ruwa ta ce, "Angona, shekara da shekaru, ina tsarabar amarya?"

Ya ajiye bokitin ya sunkuyar da kai. "Ki gafarce ni, Hajiya. Ban zo da komai ba."

Maganar da ta jefa don ya rama, ashe a kan ciwo ta faɗa. Ranar ko koko ba ta iya sha ba.

Wata la'asar tana tsince gero, ɗan abin da ake samu a shekarar, ta sa shi ya zauna ya taya ta. "Wa ya ƙwace maka baki a Kano?"

Yana tura ƙwayoyi da yatsa ya ba ta labari. Ranar da ya isa shagon, ya gai da maigida a gaban yaransa ya ce, Kaka ya ce in gaishe ka, shi ma 'yar Sakkwato ne. Har mai guga sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Daga ranar sunansa ya ɓace, Kaka-ya-ce ake kiransa, a shago, a masallaci, har ranar da ya baro garin.

"Sai na daina magana in ban auna ta ba," in ji shi. "Na tuna duk jan kunnen da kika yi mini. Ashe ke ce mai gaskiya."

Ba a taɓa ba ta gaskiya ta yi mata ɗaci haka ba. Abin da ta roƙa ne aka ba ta, cif, ba ragi.

Washegari ya ɗauko mata tukunya zuwa bakin hanya kamar kullum, ya koma gefe ya tsaya. Layin masu kofuna ya yi tsawo, koko kuwa ya yi ruwa-ruwa. Lauratu ta gyara murya. Da ƙyar ta turo maganar.

"Gafaru, ina uwarka? Ya tafi kasuwa?"

Wata tsohuwar mai sayen koko, wadda ta sha gyara a bakin Lauratu shekara da shekaru, ta saki baki.

"Ta tafi, Hajiya," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"To in ya dawo ka ce masa Kaka ya ce ya kawo gawayi."

"Ta ce. Kaka ta ce."

"Ni da bakina? Kaka ya ce! Kaka ya gaji, Kaka ya tsufa, mijin Kaka ya je Kano ya dawo liman."

Layin ya fashe da dariya. Gafaru ya dube ta, wannan karon a ido. Ta ga yana neman wurin da zai ɓoye fuskarsa, ta kuma ga gefen bakinsa yana rawa. Ba ta sassauta ba, ta miƙa masa kunnenta. "Ga shi, malam. Ja."

Bai ja ba. Ya matso, ya sunkuya, ya duba haɓarta a tsanake.

"Ba mamaki," in ji shi. "Sun ƙaru."

Ludayin ya same shi a kafaɗa.

Bakinsa bai koma na dā ba. Abin da Kano ta gyara ya gyaru, bai sake ce mata "shi" ba har ta bar duniya. Ita ce ta riƙa ɓata Hausarta kowace safiya da gangan, a gaban mutanen da ta yi rabin rayuwarta tana yi wa gyara, shi kuma yana binta yana gyarawa, yana cewa mace 'yar Sakkwato ta zubar da mutuncin garinsu, gara ya sake ta tun da wuri. Matan unguwa suna raɗa cewa tsufa ya fara taɓa kan Lauratu. Tana jin su, ba ta gyara musu ba.